Likkafanin da Bai Bushe Ba

A gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka, inda aka haife ni, ba a taɓa zama shawara a kan yadda za a busar da wanki ba. Akwai saman gida, wanda muke kira sutuhi, akwai igiya, akwai kuma ranar Makka. Mace takan shanya zane ta sauko ta ɗora tukunya, kafin ruwan ya tafasa zanen ya bushe ƙayau. Da rusau ya iso unguwar, sai muka koma Ka'akiyya, muka kama haya a wani gidan bene mai hawa da yawa. Aikina ajiye takardun marasa lafiya ne a wani asibiti, ba na kuwa sa hannu a abin da ban karanta ba, saboda haka na karanta yarjejeniyar hayar tun daga farko har ƙarshe. A ciki aka rubuta cewa ba a shanya a taga, sutuhi kuma a kulle yake, mai gida kaɗai ke da mabuɗi. Na nuna rashin amincewata a fili, na ce ba daidai ba ne a hana mutum ranar da Allah ya ba kowa kyauta. Aka ce in kama ko in bari. Na kama.

Dalilin da ya sa muka sayi injin busar da tufafi ke nan, wanda a nan ake ce wa nashafa. Yana da ganga da ke juyawa, da hita da ke ba da zafi, da wani agogo a gabansa wanda ake murɗawa. Allurar agogon takan yi ta tafiya a hankali har ta kai ƙarshe, injin ya yi ƙara ya tsaya. Ya yi mana aiki shekaru ba tare da gardama ba. Daga baya matata ta fara cewa jikinsa yana zafi fiye da da, tufafi kuma suna daɗewa ba su bushe ba. Na kira masu gyara, suka sa mini rana, ba su zo ba. Na sake kira, suka sake sa wata, ita ma ta wuce. Har yau ban ga uzurin da za su kawo ba.

A cikin wannan jiran ne Kaka ta zo umara. Ƙanwar kakata ce ta wajen uba. Lokacin da kakannina suka taso daga Kano suka biyo ta Sudan, ita tana ƙarama aka bar ta a gida, ta girma can, ta tsufa can. Ta sauka tare da ayarinsu a wani masauki a unguwar Tandabawi, amma ranarta ta ƙarshe, wadda ta faɗo Juma'a, ta ce a wajenmu za ta yi ta. Motar da za ta kai su Jidda za ta tashi bayan la'asar.

Ta shigo da hantsi, tana dogara sanda, direban da ya kawo ta yana biye da ita da akwatinta da jarkar zamzam da wani ƙunshi. Ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Maigida, har yanzu kana nan da wannan yarinyar? Na zo tun daga Kano, ko lefe ba ka haɗa mini ba."

"Ai ke ce uwargida, Kaka," in ji matata. "Ni riƙo nake yi miki."

"Kin riƙe shi da kyau, har ya yi tumbi. Hausar ce dai kika bari ta lalace. In ya yi magana sai in ji kamar an jiƙa ta da Larabci an matse."

Ta kwance ƙunshin. Farin yadi ne mai kauri, mai tsawon gaske, sabo fil. Ta ce a ba ta babban baho. A gabanmu ta zuba zamzam, ta tsoma yadin, tana danna shi da tafin hannu tana motsa baki. Likkafaninta ne. Ta ce tun rasuwar mijinta take da wannan buri, ta wanke shi da zamzam da hannunta, ya bushe a Makka, ta kai shi gida ta ajiye a ƙasan adaka.

Na yi karatu daidai gwargwado, ban kuwa iya ganin abu in yi shiru ba. Na ce, "Kaka, ban ga wannan a littafi ba. Aikin mutum ne ke bin sa kabari, ba ruwan da aka wanke yadi da shi ba."

"Na tambaye ka fatawa? Igiya na tambaye ka. Ina kuke shanya?"

Na sauka wajen harisi, wato mai gadin gidan, na yi masa bayani da ladabi: tsohuwa ce, baƙuwar Allah ce, abin da muke nema bai wuce a buɗe ƙofa zuwa azahar ba. Ya ce mamnu'i, an hana, mabuɗin ma ba ya hannunsa. Na kira mai gidan, bai ɗauka ba. Na tsaya a ƙofar gidan ina kallon rana tana dukan kwalta, zafin da zai busar da yadin nan kafin a kira salla yana zuba a banza, ni kuwa ba ni da hurumin taɓa shi. Shanya likkafani a bakin titi, a kan motocin mutane, abu ne da ban ga ya dace da mutuncinta ba.

Na hau na ce mata za a sa shi a nashafa. Ta je ta leƙa cikin gangar, ta daɗe tana dubawa.

"A wannan injin niƙan? To Allah ya sa in an naɗe ni ba haka za a riƙa juya ni ba."

Muka matse yadin ni da matata, muka tura shi ciki. Na murɗa agogon zuwa inda injin ke auna bushewa da kansa, na ji gangar ta fara juyawa. Na ce musu kada kowa ya taɓa shi sai ya yi ƙara ya tsaya. Na yi wanka na tafi masallaci da wuri, kamar yadda na saba.

Da na dawo, tun daga bakin ƙofa na ji injin yana aiki. Su biyun suna falo suna cin shinkafa, Kaka tana ba da labarin yadda ta kusa ture wani ƙato a wajen ɗawafi. Na wuce kicin. Allurar agogon tana nan daidai inda na bar ta, ko motsi ba ta yi ba. Na buɗe ƙofar gangar na sa hannu: sanyi ƙalau. Yadin ya murɗe ya zama kamar igiyar rijiya, jiƙe sharkaf.

"Ba ku lura ba?" na tambayi matata.

"Kai ka ce kada a taɓa sai ya yi ƙara. Bai yi ba."

Gaskiyarta ce. Na duba akwatin wuta, babu abin da ya faɗi. Na zaro ragar da ke tare zare-zaren tufafi, na same ta tas. Na janyo injin daga bango, na ciro littafinsa daga inda nake ajiye irin waɗannan takardu, na durƙusa a bayansa da sukundireba. Akwai bututun da ke fitar da iska mai zafi, ya ratsa bango ya fita ta ramin iskar da ke tsakiyar ginin. Na cire shi na busa, iska ta dawo mini a fuska. Na shiga banɗaki na hau kujera na leƙa ta ƙaramar taga. A bakin bututun wata kurciya ce kwance a kan sheƙa, ta cushe shi da tsinke da ciyawa, tana kallona da ido ɗaya.

Daga nan littafin ya bayyana mini sauran. Iska mai zafi ta daɗe ba ta samun hanyar fita, shi ya sa jikin injin ke ɗaukar zafi. Akwai wani ɗan fis da aka sa domin gudun gobara, shi ne ya ƙone a ƙarshe, ya yanke wa hita wuta. Agogon kuwa, a inda na murɗa shi, ba ya tafiya sai ya ji zafi ya kai wani mataki. Tunda zafin bai zo ba, sai ya tsaya yana jira, gangar tana ta juya yadin a cikin iska mai sanyi.

Kaka ta biyo ni tana tambaya me na gani. Na gaya mata.

"Da ƙwai?"

"Da alama."

"To sauko. Ko ni da ban yi makaranta ba na san ba a korar tsuntsu a cikin hurumin Makka. Ta riga ni zuwa."

Ba sheƙar ce ta ɗaure ni ba, domin ana iya barin bututun a cire, iska ta fita cikin kicin. Fis ɗin ne babu, shagunan kayan gyara kuma ranar Juma'a ba sa buɗewa sai yamma. Na kira ƙanen matata, wanda ya ɗan san harkar wuta. Ya ce in haɗa bakin wayoyin biyu in tsallake fis ɗin, zafi zai dawo nan take. Na ƙi. Gida ne mai iyalai da yawa, ban kuwa san ko akwai wani abin da ya lalace a ciki ba. Har yau ina ganin ƙin da na yi daidai ne, amma bai busar da komai ba.

Muka warware yadin a falo, daga kan kujeru zuwa ƙofar ɗaki, muka kunna fanka. Matata ta jona dutsen guga ta kama daga gefe guda, tururi yana tashi. Da tun hantsi muka yi haka, da ya bushe ba tare da an sha wahala ba. Aka kira la'asar, direba ya fara danna ham a ƙasa, tsakiyar yadin tana nan da danshi mai nauyi.

Na ce, "Kaka, ki bar shi. Gobe zai bushe, in ba wani mai tafiya ya kawo miki."

"In bar likkafanina a wani gari? In aka kira ni a cikin jirgi fa, da rawaninka za a naɗe ni? Ninke mini abina."

Na ninke shi da hannuna, na sa a leda, na tura ƙasan akwatinta.

Jirginsu ya yi jinkiri, akwatin kuma bai iso Kano tare da ita ba, sai bayan kwanaki. 'Yarta, wadda nake kira Gwaggo, ita ta karɓo shi ta buɗe. Ta kira ni muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce yadin ya yi fumfuna, baƙaƙen ɗigo ko'ina, ga wari. Ba ta nuna wa tsohuwar ba. Ta jiƙa shi da bilic, ta wanke da ruwan famfo har sai da ya fita tas, ta goge, ta mayar cikin ledar. Na ce to zan sayi wani in wanke da zamzam in aiko.

"Ka ce mata na farkon ya yi me? Ita da hannunta ta so ta wanke, ta kuma wanke. Don Allah ka bar ta da abin da ta sani."

Bayan 'yan makonni Kaka ta sa aka kira ni ta bidiyo. Tana zaune a bakin gado, yadin a cinyarta, ta ɗaga shi kusa da wayar.

"Maigida, kana gani? Kai da ka ce ba ya cikin littafi. Na sa shi da danshi, ya yi kwanaki a hanya, dubi yadda ya fito fari fat. In ba zamzam ba, wane ruwa ne zai yi haka?"

Gwaggo tana tsaye a bayanta tana kallona. Na ce, "Allah ya ba ki tsawon rai, Kaka, ya sa ki daɗe ba ki buƙace shi ba."

"Ji shi, ya rasa ta cewa," in ji ta, tana dariya.

Ta rasu da damina ta gaba. Gwaggo ta ce mini tun tana jinya ta nuna musu inda likkafanin yake, ta ja kunnensu kada a sake a yi mata amfani da wani. A cikinsa aka naɗe ta.