Butar Malam Isiyaku

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Malam Isiyaku, aminina, wanda a hannunsa na koyi Sifaniyanci a nan Doha. A Malabo ya tashi, birnin da ake yin Sifaniyanci, inda mahaifinsa ke fatauci, ya zo nan yin bincike kan ruwan sha. Ranar Juma'a da hantsi yakan tara mu, ɗalibai da direbobi da masu gadi, a ɗakin da ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ta kama a Umm Salal.

Ba ya fara darasi da allo. Buta yake kawowa da roba. Mutum ya nuna yadda yake alwala, yana faɗin kowace gaɓa da Sifaniyanci. Sai a duba ruwan da ya taru a robar, a yi gardama, da Sifaniyancin dai, ko ya yi ɓarna. Daga nan a kai wa zogalen da ya dasa a bayan ɗakin. Ni da kunya ke hana ni ɗaga kai, a gaban robar nan bakina ya buɗe. Yakan ce, "Ƙanena, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙasar da sai an tace teku ake sha, in ba zancen ruwa ba me za mu yi?"

Bayansa aka koma haddar gaisuwa daga waya. Ajin ya yi ta zubewa, zogalen ya kusa bushewa, ga famfon gefensa na ɗiga ba mai kulawa. Da zai leƙo yau, ban san wanne zai fi ƙona masa rai ba.

Bana shugaban ƙungiya ya ba ni ajin, da sharaɗi. "Malam Nura, koya musu tarbar baƙi a otal-otal ɗin West Bay. Wasan ruwan nan, kalas, ya ƙare." Wasa! Harshen da bai taɓa jikin mutum ba, ina zai zauna? Ban iya musu a taro ba, na karɓi ajin.

Juma'ar da ta wuce dai na shiga da butar. Kafin in ce uffan, Sani mai gadi, tsohon ɗalibin marigayi, ya naɗe hannun riga yana dariya. "Ajiye robar, malam. Yau ba mai kama ni da ɓarna."

Mai yiwuwa a karɓe ajin daga hannuna. Amma marigayi bai bar littafi ko gini ba. Abin da ya bari shi ne mutanen da ba sa iya buɗe famfo ba su tuna shi ba. Ruwan alwalar Sani, ni na kai wa zogalen. Allah ya jiƙan Malam Isiyaku.