Haƙorin Mai Tayil da Wuƙar Aljihu

Duk wanda ya yi musabaha da Mai Tayil sai ya duba tafinsa daga baya, ko an kankare masa wani abu. Tun yana saurayi yake durƙushe a ɗakunan mutane yana shimfiɗa tayil, siminti ya cinye masa farce tas, ya bar masa yatsu dunƙulallu kamar kan taɓarya. Allura in ta faɗi ƙasa, sai dai ya yi mata fatan alheri. Bayansa in ya yi ƙaiƙayi, gefen ƙofa yake nema.

Ga shi aikin ba ya tafiya sai da wuƙa. Da ita yake yanke robar da ake ɗaure kwalin tayil, ya farke buhun siminti, ya fiƙe fensir. Ya taɓa gwada wuƙar kicin, ta huda aljihu ta gaisa da cinyarsa. Reza kuwa ba ta kai tsakar rana. Dole dai sai mai naɗewa, wadda kaifinta ke kwanciya cikin ƙota. To wanda ya ƙera ta ya ɗauka kowa da farcensa aka haife shi kuma da shi zai mutu: wata 'yar tsaga ya yi a jikin ƙarfen, wai a sa farce a ja. Mai Tayil ba shi da abin sawa, sai ya riƙa sa haƙori.

Shekara da shekaru haƙoran gaba biyu na sama suna wannan aikin ba albashi. Wata rana na dama ya ajiye aiki, ya faɗa cikin kwaɓin siminti. Yanzu haka yana ƙarƙashin banɗakin wani mai kuɗi. Na hagu ya ci gaba shi kaɗai, har shi ma ya fara girgiɗi.

Ba kwalliya ce ta dame shi ba. Tun da giɓin nan ya bayyana, wani ɗan kwangila ya kalli bakinsa ya kira shi Baba, har da tambayar ko gwiwa tana nan lafiya. A wannan sana'a, ranar da aka fara tambayarka lafiyar gwiwa, ka fara neman kujerar gadi. Giɓi ɗaya a ce tsautsayi ne. Biyu kuwa tsufa ne, ba mai ba tsoho falo ya shimfiɗa.

Likitar haƙori ta taɓa wanda ya rage da ɗan ƙarfenta, ya yi mata rawa.

"Malam, me kake ci da shi? Ƙusa?"

"Wuƙa nake buɗewa."

Ta cire tabarau ta dube shi da kyau. "Ka ƙara sau ɗaya, ka kawo mini shi a aljihu."

Kuskurensa shi ne da ya ba matarsa labari. Kafin gari ya waye wuƙar ta yi ɓatan dabo.

"Maman yara, ina wuƙata?"

"Ta yi tafiya. Ka sayo wadda ake buɗewa da hannu kamar ta mutane. Ni ba zan zauna ina dama wa ƙato kunu safe da yamma ba."

Haka ya nufi shagon kayan aiki yana ƙunƙuni. Mai shagon wani ɗan gaye ne, ya tara farce a babban yatsa kamar cokali. Mai Tayil na ganin farcen ya ji ya tsani mutumin.

"Baba, sannu da zuwa. Me za a kawo?"

"Wane ne babanka? Wuƙar aljihu nake so, wadda ba ta bukatar farce."

Mai shago bai saurari ƙarshen maganar ba. Ya zaro wata ja mai kauri, ya shiga fito da 'ya'yanta: almakashi, zarto, abin buɗe kwalba, har da tsinken sakace.

"Wannan ita ce uwar wuƙaƙe, Oga. Gwada ka gani."

Mai Tayil ya murza, ya matsa, ya juya. Ko ɗa ɗaya bai leƙo ba. Ya ajiye hannunsa a kan kanta.

"Dubi nan. Ka ga farce? Ka kawo mini gida mai ɗaki goma, kowane ɗaki da kwaɗo, ni kuma ba mabuɗi."

"To ga mai maɓalli. Dannawa kawai."

Wannan kam ta buɗe, fat, kamar an tsokane ta. Mai Tayil ya ɗan saki fuska. Amma shi ba ya sayen komai a tsaye, ko wando ne, tunda ba a tsaye yake cin abinci ba. Ya rufe ta, ya jefa a aljihu, ya durƙusa a tsakiyar shagon, ya rarrafa kamar yana jera tayil. Wata mata da ta shigo sayen kwan fitila ta koma da baya. Yana miƙa hannu gaba, cinya ta danne maɓalli. Fat.

Ya miƙe a hankali, ƙafafu a ware, ya zaro ta da yatsu biyu. Ashe tsinin har ya leƙo ta cikin wando, a unguwar da ba a wasa da ita.

"Ka ga, ɗan nan, haƙori na zo ceto. Kai kuma kana neman ka rufe mini gida gaba ɗaya."

Suka bi wuƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya. Wata ta yi nauyi har tana jan wando ƙasa. Wata santsi, hannu mai ƙura ba zai riƙe ta ba. Wata in ta buɗe ba ta rufuwa sai an yi mata magiya. Mai shago ya gaji, ya jawo wata baƙa mummuna daga ƙasan kanta, mai ƙatuwar huda a jikin ƙarfen.

"Wannan ba mai so. Cewa ake kamar ɓera ya ci."

Mai Tayil ya ɗora tsokar babban yatsa a hudar, ya tura. Ta buɗe sumul, ta tsaya ƙyam. Ya rufe, ya durƙusa, ya rarrafa har bakin ƙofa ya dawo. Shiru.

"Tun ɗazu tana nan ka bar ni ina aikin banza?"

Washegari a wurin aiki sai da kowa ya gani. Mai fenti ya gani, mai famfo ya gani har ya gaji. Can rana ta take, aiki ya ɗau zafi, hannun hagu na riƙe da kwali, hankali na kan layi. Sai muryar mai fenti daga kan tsani:

"Maigida, a ci lafiya. Ba tayi?"

Mai Tayil ya duba. Wuƙar tana bakinsa, haƙorin ya riga ya sami hudar, har ya ji daɗin wurin. Ya cire ta a hankali, ya taɓa haƙorin da harshe. Yana nan, amma yana lilo. Ashe ba wuƙa ce ke da laifi ba, hannun ne ya san hanyar baki kamar jakin da ya san gida.

Mai fenti kuma maƙwabci ne, bakinsa ba ya riƙe ruwa. Labari ya riga Mai Tayil isa gida, amma matarsa ba ta yi faɗa ba. Ta daka ƙwayar maganin zazzaɓi, irin mai ɗacin nan, ta kwaɓa da ruwa, ta shafe ƙarfen wuƙar.

"Yara biyar na yaye a gidan nan," in ji ta. "Kai ne na shida."

"Ni za ki yaye? Da gemuna?"

"Har mai gemu yana jin ɗaci."

Ya kuwa ji. Sau biyu ya manta, sau biyu ya yi ta tofar da yawu har ana tambaya ko lafiya. Daga nan hannu ya koyi hankali. Haƙorin yana nan har yau, yana girgiɗinsa, ɗan kwangila kuma ya ba shi falo da ɗakuna. Sai dai matar ta ce ba ta yarda da shi ba tukuna, kullum da safe sai ta shafa. Shi kuma da wuƙar yake ɓare lemo lokacin hutu. In ka ga mutum zaune a kan buhun siminti yana shan lemo yana yamutsa fuska yana zagin mai lemo, kada ka tambaya. Gaishe shi kawai, amma ban da Baba.