Haramin Baba Idi

Tun safe nake zazzage buhunan gudummawa a shagona na unguwar Hindawiyya, raina a ɓace. Mutanen da girgizar ƙasa ta rushe wa gidaje suna can cikin ƙanƙara, mu kuma 'yan Jidda mun tara musu jallabiyoyi shara-shara! Ina muka san sanyi?

Sai ga Baba Idi, tsohon maƙwabcina, riƙe da tawul biyu masu kauri. Haramin hajjinsa ne.

Na ce, "Baba, ba shi ka ajiye don likkafaninka ba?"

Ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ɗana, saka a buhu. Gawa ba ta jin sanyi."

Har yanzu na kasa zama, don ni sabon bargona yana saman durowa, ban kawo ba. Ku fa jama'a, me kuka ɓoye?