Biba Mai Ƙarin Ruwa

Biba ta daɗe tana shara a wani gidan likita a Mayahi. Ba ta yi karatun lakwal ba, amma ido ya koya mata nemo jijiya da rataya ledar ƙarin ruwa. Da gwiwa ta fara damunta sai ta koma garin Gidan Amumune, ta kafa ƙusar rataya leda a bangon zaurenta. Ran kasuwa, manoma da 'yan kabu-kabu da rana ta gasa kan zo su kwanta a tabarma. Ta zuba bitamin a leda, ruwan ya koma ɗorawa, su tashi suna cewa jini ya dawo.

Wata bazara aka kawo mata wani makiyayi, Gazali, a amalanke. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi sama-sama. Biba ta ce a wuce da shi gidan likita. Matarsa Kubra ta riƙe mata zani.

"Inna Biba, ya rantse ba zai je ba. Ki sa masa mai ɗorawar nan, ko ƙarfi ya samu."

Ta sa. Da leda ta ƙare ya nemi ta biyu. Tana tsakiya ya tashi zaune yana tari, ya ce kwanciya ta gagare shi. Biba ta cire allurar, aka mayar da shi amalanke. Bai kai ruga da rai ba.

Bayan kaka, ma'aikatan lafiya suka zo da jandarma suna rufe wuraren da ba su da izini. Suka kwashe katan-katan ɗinta na magani. Wata majo, malamar jinya mai suna Munira, ta zauna kusa da ita tana yi mata bayani a hankali.

"Inna, ba kowa ke son ruwa ba. Mai kumburin ƙafa, ruwan ne ma ya yi masa yawa. In aka ƙara, huhu yake cikawa."

Munira misali kawai ta kawo, ba ta san da Gazali ba. Babu wanda ya taɓa kai ƙara. Biba ta ce to, ta raka su har bakin mota.

Tun ranar ba ta iya zama a zauren. Gyaɗa take soyawa yanzu a ƙofar gida, kuma duk wanda ya yi tari a layin sai ta ajiye ludayi ta bi shi da ido har ya ɓace.

Kubra kuwa ba ta fasa zuwa ba. Kowace kasuwa sai ta kawo mata nono a ƙwarya.

"Ke kaɗai kika dube shi da rahama, Inna. Kwana ne ya ƙare."

Sau da yawa Biba ta buɗe baki za ta faɗa mata abin da majo ta ce. Sai Kubra ta ɗauko zancen shanu, ko na ɗanta da ya tafi Agadas. Biba ta wanke ƙwaryar, ta cika mata da gyaɗa, ta ce ta gaida gida.