Gafarar da Aka Ce a Filin Ƙwallon Sakkwato

Ina roƙon masu karatu su yi mini uzuri tun daga farko. Mako uku ke nan da dawowarmu daga Sakkwato, kuma ɗan littafin da na riƙa rubuta abubuwan hanya a ciki ya sha ruwa, wasu shafukansa sun manne. Saboda haka wani abin daga takarda na ɗauko shi, wani kuwa daga ka, kuma ban amince wa kaina ɗari bisa ɗari ba.

Muna idar da sallar asuba muka hau mota a Gusau. Mu goma sha huɗu ne, ma'aikatan En'e da malaman makaranta da tela ɗaya, za mu je mu buga ƙwallo da takwarorinmu na Sakkwato, bisa alkawarin su ma za su zo mana bayan wata biyu. Ni ba na bugawa. An tafi da ni ne don na karanta dokokin wasan a kwaleji, kuma ni ke riƙe da littafinsu na Turanci. Motar ta gishiri ce, a kan buhuna muka zauna. Telan, wanda shi ne mai tsaron gidanmu, ya rungume ƙwallon a cinya kamar jariri, don shi kaɗai gare mu, in ya faɗa daji tafiya ta ƙare.

An yanke gero, dammuna jingine a bakin gonaki, dawa kuwa ba ta gama nuna ba. A Talatar Mafara muka sha fura da nono mai kauri, ta fi ta garinmu araha, in dai ba yunwa ce ta sa na ga haka ba. Gaba kaɗan muka tarar da wani rafi marar gada, motar ta kafe a tsakiyarsa. Muka sauka muka tura, a nan ɗan littafin rubutuna ya jiƙe. Akawunmu, wanda shi ne ɗan gabanmu, ya ƙi turawa, wai yana ajiye ƙafafunsa don gobe.

Da la'asar sakaliya muka shiga birni. An sauke mu a Ƙofar Marke, a gidan wani dattijon mahauci wanda ɗansa ke tsaron baya a ƙungiyar Sakkwato. Ban taɓa ganin karɓar baƙi irin wannan ba. Tuwon shinkafa, ga nama kwano bayan kwano, har akawu ya raɗa mini cewa makirci ne, so suke mu kasa gudu. Maganarsu ta ɗan ba ni wuya da fari. Inda muke cewa "tafi" su "tahi" suke cewa, "wannan" kuma "wanga". Su ma dariyar tamu suke yi.

Da safe muka yi ziyara Hubbare, muka zaga kasuwa muka ga jajayen fatun awaki da ake ta labari. Muna dawowa aka ce Baturen da zai yi alƙalancin wasa ya fita rangadi. Kowa ya juyo ya dube ni. Na ce bai dace ba, ni mutumin Gusau ne. Shugaban 'yan Sakkwato, wani malamin asibiti mai fara'a, ya miƙo mini usur ya ce, "Mallam, kai ad da littahi. Mun yarda da kai." Na karɓa.

An yi wasan da yamma, filin ya cika. Har kusa da tashi ɗaya da ɗaya ake. Sai wani malamin gona daga cikinmu ya ɗago ƙwallo sama daga gefe, ya nufi gaban gidan Sakkwato inda akawu yake jira. Ƙwallon bai iso ba, yana iska, sai ɗan mai masaukinmu ya taho a guje daga baya, ya ɗaga murya ya ce, "Gahwara dai!" Ya bangaje akawu da kafaɗa, akawu ya kife. Na hura usur na ba da fenariti. Akawu ya tashi ya karkaɗe wando, ya buga, ya ci. Biyu da ɗaya aka tashi.

Ban san na tayar da rigima ba sai da muka koma zaure bayan magariba. An kawo abinci kamar jiya, amma ba mai dariya. Malamin asibiti ya ce, "Mallam, ka ji yac ce gahwara ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji.

Ya ce, "To mi al laihinai? Garin ga, in mutum ya ce gahwara kaƙ ƙi kaucewa, kai aka ba rashin gaskiya."

Akawu ya ce, "Ni jaki ne da za a ce mini gafara in kauce? Ƙwallo nake jira!"

Wani daga cikinsu ya ce, "Jaki ma ya hi ka jin magana."

Na buɗe littafi na fassara musu wurin da ya hana ture mutumin da ƙwallo ba ya wurinsa. Malamin asibiti ya ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa shiga kasuwar Sakkwato ba. Sa'an nan ya faɗi abin da ya tsinka mini zuciya: in haka ne baƙi za su zo da alƙalinsu su ci da usur, su ba za su taka Gusau ba. Shekara guda muka yi muna rubuce-rubuce kafin a shirya wannan zumunci. Na ga zai mutu a hannuna, kuma za a riƙa cewa malamin nan na Gusau ya yi son kai. Na kasa cin naman.

Gari ya waye. Da hantsi dattijon mai masaukinmu ya aiko aka kira ni, ya ce in raka shi mahauta. Muka tsaya a bakin wata 'yar siririyar hanya da ake fitowa da nama zuwa kasuwa. Ga mutane ɗauke da cinyoyin shanu a ka, jini na ɗiga, kowanne yana tafe yana "gahwara, gahwara", jama'a na darewa. Ni da halina, sai na shiga ƙirga taku. Na lura tun da sauran kamar taku goma suke faɗa, ko da yake wani ya fi wani. Na kuma lura ba wanda ya faɗa hannu sake.

Da muka koma zaure, 'yan wasan duka suna nan, motarmu tana jira. Na ce, "Baba, in ban yi kuskure ba, gafara ta mai kaya ce. Kuma tun daga nesa ake faɗinta, don a ba mutum damar kaucewa. Jiya ba wanda ke ɗauke da komai, ƙwallo yana sama. Kuma kalmar da kafaɗar tare suka iso."

Dattijon ya dubi ɗansa ya ce, "Kai, mi kaɗ ɗauko bisa kai jiya?"

Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu, Baba."

"To gahwarar banza kay yi. Da yarona na mahauta yay yi haka, da na kore shi."

Mutanenmu suka fara murmushi. Sai dattijon ya juyo gare ni. "Amma Mallam, ni ina tsaye wajen gabas. Ƙwallon ga ya yi sama ƙwarai. Ko ba a taɓa akawunku ba, ko raƙumi ya hau, ba shi kai gare shi. Wanda aka hana abin da dama ba shi samu, an cuce shi?"

Gaskiya ita ce idona yana kan mutanen biyu, ban dubi tsawon ƙwallon ba. Akawu yana ta ƙifta mini ido in ce ya kai. Na ce, "Baba, ban gani ba. Turewar na gani, kuma a kanta na hura. In da za a sake, ina jin zan sake hurawa, don littafin bai yi maganar tsawo ba. Amma ba zan rantse cewa ƙwallon zai same shi ba."

Akawu ya ce, "Haba Malam!"

Malamin asibiti ya fashe da dariya, ya ce tunda yake bai taɓa ganin alƙalin da ya ba da shaida a kan kansa ba. Ya ce za su zo Gusau, amma da sharaɗi: su za su kawo mai hura usur. Na ciro usur ɗin daga aljihu na miƙa masa nan take, na kuma ba shi aron littafin, ko da yake ya ce sai ya sa an ƙara masa babi a kan gafara.

Dattijon ya cika mana ƙwarya da kilishi. A hanyar dawowa rafin ya janye, muka wuce ba turi. Akawu bai yi mini magana ba har Talatar Mafara, inda fura ta sasanta mu. Muka iso Gusau ana kiran isha'i.

Abin da na koya, in na koyi wani abu, shi ne littafin doka yana zuwa gari ya tarar da mutanen garin da tasu dokar, kuma mai riƙe da usur ya kamata ya san duka biyun tun kafin ya hura. Na kuma koyi cewa idona biyu ne kawai.

Saura mako biyar su iso. Ina roƙon duk wanda ya halarci wasan, musamman waɗanda suka tsaya wajen gabas, ya rubuto mini ta makarantarmu ya gyara abin da na kuskure, ya kuma faɗa mini tsakaninsa da Allah inda ƙwallon nan ya bi. In ya tabbata ya fi ƙarfin akawu, ni da bakina zan faɗa a gaban baƙinmu kafin a take wasa.