Sa Hannun da Ya Ci Aikin Malam Iliyasu

Bana shekara ashirin da shida ke nan da muka kai Malam Iliyasu makwanci. Ofis ɗaya muka zauna da shi a Kaduna zamanin mulkin soja, ni a kan tafireta, shi kuma jami'in da ke sa ido kan masu laifin da alƙali ya ɗaga wa ƙafa, ya ce su koma gida maimakon kurkuku. Sharaɗin shi ne duk Litinin mutum ya zo ya sa hannu a rajista.

Malam ba ya bi ta hannun mai unguwa in zai duba mutanensa, don ya ce hakan tonon asiri ne. Sai ya ja kekensa ya je masallacin unguwar ya bi sahun la'asar, su gaisa kamar 'yan'uwa. Da zai ga yadda yau ake watsa hoton mutum a waya tun kafin a kai shi gaban alƙali, na san kwana zai yi bai ci abinci ba don baƙin ciki.

Cikin mutanensa akwai wani kafinta a Rafin Guza, Ɗanlami. Mahaifiyarsa ta rasu a ƙauye, ya tafi ba sallama, ya zauna har sadakar bakwai, Litinin ta wuce bai sa hannu ba. Wa ke tashi daga zaman makokin uwa don rajista? Malam ya ɗauki biro ya sa hannu a madadinsa, ya cike masa gurbin Litinin ɗin.

Sabon shugabanmu ya gano. Ya ce, "Malam Iliyasu, rubuta cewa ya gudu, mu rufe maganar." Wato Ɗanlami ya tafi kurkuku. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, bai gudu ba. Hannuna ne."

Saura shekara biyu ya yi ritaya aka kore shi, wai ya ci amanar aiki. Ya ƙare rayuwarsa a ɗakin haya a Unguwar Shanu, waɗanda ke yabonsa yanzu ko leƙa shi ba su yi ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Me ya rage nasa? Ɗanlami yana nan a Katabu da shagonsa da jikokinsa, ba wanda ya taɓa kiransa tsohon fursuna, bai ma san abin da aka yi dominsa ba. Sai kuma ni. Takardar korar, ni aka ba na buga, na kuwa buga ta tsaf ba kuskure ko ɗaya, na miƙa masa. Ya karanta ya ce, "Sannu da aiki, ƙanina."