Ranar da Tuwon Gidanmu Ya Riƙe Baƙon Ƙanena

Ko da zan manta da duk shekarun da na yi ina buga ƙwallo, ba zan manta da yammacin da tuwon gidanmu ya kusa hana ƙanena shiga kulob ba. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a ranar kam saura kaɗan in yi kuka a gaban jama'ar Mafara.

Ni ne kyaftin ɗin ƙungiyarmu a lokacin, baya nake bugawa, kuma ba a san ni da haƙuri ba. Ƙanena kuwa Allah ya ba shi abin da bai ba ni ba. Ka sa shi gaba ya ci, ka mayar da shi tsakiya ya raba ƙwallo, in an rasa ɗan baya ya tsare. Har gola yakan shiga wajen atisaye don tsokana kawai. Burinsa ɗaya ne, ya bar filin ƙasa ya shiga kulob na gaske, ga shekaru sun fara ja.

Kocinmu ya yi ta magiya har wani kulob na birni ya yarda ya turo mutum ya kalli wasan ƙarshe na kofi tsakaninmu da 'yan Bakura. Ɗan gaba suke nema, kuma wasa ɗaya tak mutumin zai kalla ya koma.

Da baƙon ya iso, sai koci ya ga ai ba a zuwa neman ɗan mutum ba a gaida uban ba, ya kawo shi zauren gidanmu. Ina ganin Baba ya sa an shimfiɗa sabuwar tabarma na san zaman zai yi tsawo.

Na ce, "Baba, ana sallame la'asar za a take wasa."

Ya ce, "Awo, na ji. Ku tahi abinku. Baƙona ba ya taka fili da yunwa, in ya ci ni za ni kawo shi da kaina."

Wa ya isa ya musa? Muka tafi. Daga baya muka ji yadda aka yi. An yi gaisuwa tun daga gajiyar hanya har lafiyar mutanen birni ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Yana wanke hannu aka dire masa ƙwaryar fura da nonon da gwaggonmu ta aiko daga Damaga. Maƙwabta suka ji Baba ya yi baƙo, kowa ya shigo da tasa gaisuwar. Bayan salla kuma Baba ya ce ba zai yiwu a wuce ƙofar yayansa ba a leƙa ba. Can ma aka sake sabon zama.

Mu kuwa a fili, ƙanena ya zama wuta. Ya ci ta farko da ka, ta biyu ya yanke mutum uku ya tura ta ƙarƙashin gola. Duk wadda ya ci sai ya waiga wajen kujerar da aka ajiye wa baƙo a inuwa, ba kowa a kai. Wallahi ni tausayinsa ya hana ni murna.

Ana dawowa daga hutu 'yan Bakura suka rama ɗaya, kuma a wajen ne golanmu ya faɗi a kan hannunsa, wuyan hannun ya kumbura nan take. Mai canjinsa ya raka ubansa kasuwar Damri da raguna, bai dawo ba. Koci na ta waige-waige, sai ga Baba ya shigo fili a babur da baƙo a baya, yana ɗaga wa mutane hannu. Na juyo na ga ƙanena yana zura safar gola.

Na daka masa tsawa, "Kada ka kuskura! Ga mutumin can ya iso, ɗan gaba ya zo gani. Ni zan shiga."

Ya ce, "Yaya, kai da ko kaza ba ka iya kamawa? In munka rasa kofin ga ina kallo, da wane ido za ni bi ta kasuwa?"

Na zage shi, ya yi kamar da bango nake. Ya tsaya a raga, 'yan Bakura suka yi ta ruwan ƙwallo yana turewa. Dab da tashi aka ba su fenariti, wadda ni na jawo da zafin kaina, ya yi tsalle ya cafke ta. Muka ɗauki kofi, fili ya kaure da ihu.

Baƙon ya zo yana murmushi, ya ce wa koci, "Golanku ya iya, amma muna da gola har uku. Ina ɗan gaban da aka ce in gani?"

Na shiga rantse-rantse ina bayani, yana kallona irin kallon wanda ya saba jin yayye na yabon ƙannensu. Ƙanena ya sunkuyar da kai. Sai ga golan Bakura ya tsaya, jesinsa duk ƙasa, ransa a ɓace.

Ya ce, "Malam, in kai ba ka gani ba, ni na gani. Wanga yaro ni ya zura ma biyu ɗazu. Don Allah ku ɗauke shi ku kai shi nesa mu huta!"

Wani dattijo ɗan Maradun ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Mu bara da munka kara da su baya ya buga, ko raga bai bari munka gani ba."

Baƙon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ƙanena ya same shi birni a gwada shi. Suka gwada, suka riƙe. Ya yi shekaru yana buga musu, kuma duk kocin da ya zo da gurbin da yake cusa shi, bai taɓa yin ƙorafi ba.

Ni da na so ya ƙi shiga raga don a gan shi a gaba, ranar na koyi cewa mutum ya yi aikin da ke gabansa da gaske, ko mai dubawa na nan ko ba ya nan. In lokacin shaida ya zo, wanda ka ba kashi ma zai iya tsaya maka.